Tirelar da ke Cikin Falo

Sannu-Sannu ake ce masa tun gashinsa yana baƙi. Abokan aikinsa direbobin tirela ne suka laƙaba masa, don shi ne za a tashi tare da shi daga gareji, kowa ya isa ya sauke kaya, ya yi wanka ya miƙe ƙafa, sannan a hango shi yana shigowa da sigina a kunne alhali ko akuya babu a bayansa. Sunan bai taɓa damunsa ba. Cewa yake yi a je a tambayi masu kaya wa suke nema idan lodin na fashewa ne. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa a bayan sitiyari bai taɓa kwantar da mota ba, ko kwali ɗaya na mutane bai taɓa salwanta a hannunsa ba. Da wannan yake taƙama, kuma ba ya ɓoyewa.

Ciwon ƙugu ne ya sauke shi. Ya dawo gida, gidan kuwa ya rasa inda zai ajiye shi. Yara duk sun kama gabansu, daga shi sai matarsa, wadda kowa har shi kansa yake kira Inna. Sai ga shi ashe ba su iya zama tare ba. Ita ta saba da mijin da zai zo ya kwana biyu, ya jibge mata kayan wanki masu warin gas ya tafi. Shi kuma ya saba da hira da inji. Ya kwance famfon da lafiyarsa ƙalau, ya sauya wa ƙofar bayi fata, ya dura wa keken ɗinkinta mai har ya ɓata mata yadin mutane. Ranar Inna waya kawai ta ɗauka ta kira babbar 'yarsu.

'Yar, wadda ke aikin jinya, ta gane in ba a samo wa tsohon abin yi ba zai kwance gidan gaba ɗaya. Ta zo da kwamfuta irin mai akwati, da sitiyari mai ɗaurewa a bakin tebur, da totur da birki na ajiyewa a ƙasa, da wani wasan tuƙin tirela a cikin kwalinsa. Mai shagon da ta sayi kayan ya so ya sayar mata da kwafin bayan fage, ta ce a'a, ta san ubanta. Ta sayi na gaske, mai wata doguwar lamba da ake shigarwa kafin wasan ya yarda ya buɗe.

Da farko ya taɓe baki, wai shi da ya tuƙa ta ƙarfe za a zaunar a gaban wasan yara. Ya zauna ne kawai don kada 'yarsa ta ji babu daɗi. Amma da aka ba shi doguwar tirela aka ce ya shigar da ita da baya tsakanin wasu kwantenoni biyu, sai aka ga kafaɗunsa sun miƙe, ya leƙa madubin hagu ya leƙa na dama, ya cusa ta cif ba tare da ya sake gyarawa ba. Washegari tun da hantsi aka ji ƙugin inji a falo.

Inna kuwa shayi ya kawo ta. Ta zo ajiye masa kofi ta tarar motar tana gangara wani tudu, ga kwana a ƙasa, ga rami a gefe. Ba ta san lokacin da ta dafa kafaɗarsa ta ce ya bi a hankali ba. Ya yi dariya ya ce yau kuma shi ake cewa ya bi a hankali. Kashegari da la'asar ta jawo kujerarta ta roba daga bakin kicin. Ya tashi ya karɓa, ya ajiye ta a damansa daidai inda fasinja yake zama. Kamfanin da ya yi wa aiki ya hana ɗaukar kowa a gaba, saboda haka duk tsawon aurensu ko sau ɗaya ba ta taɓa shiga motarsa ba.

Daga nan la'asar ta zama lokacin tafiya. Yana tuƙi yana ba ta labari, don kowace gada da kowace kwana sai ta tuno masa da wata ta gaske: inda birki ya taɓa shanye masa da lodin siminti, inda wata tsohuwa mai sayar da lemo ta riƙe masa jakarsa da ya manta har ya dawo. Ita ma ta buɗe nata kundin, abubuwan da suka faru a gida yana can kan hanya, har da ranar da ta goya autansu ta ruga asibiti babu takalmi, wadda ba ta taɓa gaya masa ba. Ta kuma zama irin fasinjan nan da ba ya shiru. Ka matsa wa mai ƙaramar motar nan, ga ruwa ya fara ka kunna waifa, wannan hon ɗin na mene ne. Yakan ce da ya san haka take da ya gode wa kamfani da ya hana shi ɗaukarta. Daɗi yake ji, kuma ta sani.

Abin da ya jawo matsala halin kirki ne. Direban ƙwarai ba ya jiran taya ta fashe kafin ya sauya ta, kuma Sannu-Sannu ya ɗauki kwamfutar nan kamar yadda ya ɗauki motarsa. Ya ji wata 'yar ƙara a cikinta, ya naɗe ta a bargo ya kai wa mai gyara a bakin kasuwa, wani mai furfura a gemu da ake kira Injiniya, wanda shagonsa ya cika da gawarwakin kwamfutoci har rufi. Aka sauya ƙarfen da ke fitar da hoto. Da aka kunna, wasan ya sake neman doguwar lambar nan, aka ba shi. Bayan wasu watanni ya sake komawa, wannan karon babu abin da ya lalace, kawai dai ya ji an ce rumbun ajiyar kwamfuta yana tsufa, ya ce a sa sabo tun bai mutu a hanya ba. Wasan ya sake neman lamba. Injiniya ya shigar, sai ya tsaya yana karanta wani rubutu da ya fito, ya cire tabarau ya sake mayarwa.

Ya yi masa bayani a hankali. Masu wasan, don gudun ɓarayi, sau uku kawai suka yarda a shigar da lambar. Duk lokacin da aka sauya wani babban ƙarfe, wasan yana ɗauka wata kwamfutar ce daban, wato kamar ya ara wa maƙwabta. An yi ɗaya ranar farko, an yi na biyu, wannan ne na ƙarshe.

"Ni da motata in sauya taya, sai a ce wata motar ce?"

Injiniya ya ce haka suka tsara. Ya kuma ƙara da abin da ya fi ƙona wa Sannu-Sannu rai, cewa masu kwafin sata ba a tambayarsu komai, an riga an cire musu wannan mai gadin, ko sau ɗari suka sauya ƙarfe tafiya kawai suke yi. Sannu-Sannu ya jinjina kai, don ya san wannan sarai. A shingen bincike ma mai cikakkun takardu shi yake tsayawa a rana ana juya su, marar takarda tuni ya bi ta bayan gari.

To, sai ya yi abin da bai taɓa yi ba a rayuwarsa, ya daina gyara. Yana jin ƙara ya kau da kai. Kwamfutar ta fara zafi tana ɗaukewa, ya buɗe murfin gefe ya kafa mata fankar tsaye, suka zauna su biyu cikin gumi kwamfutar tana shan iska. In ya taɓa ya ji ta yi zafi sai ya sa sigina ya faka a gefen hanya, ya ce a bar inji ya huce. Inna ta ce wannan tafiya da tsayawa kamar ta masu ciwon mara. A cikin wannan hali ne wasan ya ba shi lodi mafi nisa, na kaiwa tashar jiragen ruwa. Inna ba ta taɓa ganin teku ba. Shi ya sha ganinsa, ya kuma sha ba ta labarin ruwan da ba a hango ƙarshensa, mai ƙugi ko babu iska. Ya ce mata wannan karon da kansa zai kai ta.

Sun kusa. Sun hau tudun ƙarshe, har an fara ganin allunan hanya masu hoton jirgin ruwa, sai hoton ya ɗauke, wani ɗan ƙauri ya tashi. Injiniya ya duba ya ce babban allon ciki ne ya ƙone, wanda komai yake manne a jikinsa, ba makawa sai an sa wani. Aka sa, ya kuma yi ƙoƙari ya ceto inda suka tsaya, da motar da lodinta duk suna nan. Amma wasan ya ƙi buɗewa. Rubutun da ya fito cewa ya yi an wuce iyaka, kuma ba a tabbatar wannan kwafin na halal ne ba. Sannu-Sannu ya sa aka sake karanta masa. Maganar ta yi masa ciwo fiye da ƙugun.

Injiniya ya ce abin mai sauƙi ne, zai sa masa irin wanda aka cire wa mai gadin, ai ya riga ya biya, ga kwali ga lamba. Ya ce in makullin motarka ya karye ka kira mai gyara ya buɗe maka, wa ka yi wa sata? Sannu-Sannu ya ce ya ji, amma wannan ƙofar ɓarayi ne suka fasa ta, shi kuwa ba zai bi sawunsu ba. An ce masa ɓarawo yana da gaskiya, ba zai je ya gaskata su ba. Zai bi ta ƙofar gaba.

'Yarsa ta rubuta wa kamfanin, ta ɗauki hoton kwalin ta tura. Amsa ta zo nan take, irin wadda na'ura ke bayarwa, wai sun gode kuma suna dubawa. Ta sake rubutawa, aka sake gode mata. Lambar wayar da ke bayan kwalin ba ta shiga. Da ƙyar wani mutum ya amsa, cikin ladabi ƙwarai, ya ce sun daina kula da wannan tsohon wasan, amma akwai sabo mai kyau. Sabon kuwa ya fi ƙarfin kwamfutarsu, kuma bai san motarsu ba balle inda ta tsaya. Duk da haka Sannu-Sannu ya ce a sake rubutawa, shi ya iya jira.

Ya iya ɗin kuwa, aikinsa ke nan. La'asar takan yi ya zauna a tsakar gida yana sauraron rediyo, Inna tana ɗinki a ɗaki, gidan ya koma shiru irin na da. Ba ta taɓa yi masa maganar tekun ba. Wata rana ya shiga falo neman tabaraunsa, ya ga sitiyari a ɗaure, ga kujerarsa, amma babu ta roba. Ya leƙa ya gan ta a bakin kicin inda take tun asali, an ɗora mata kwandon albasa. Matar nan ta jira shi yana kan hanya har gashinta ya yi fari, bai taɓa jin ta yi ƙorafi ba, yanzu kuma ga shi yana cikin gida ya sake sa ta jira, wai sai wani baƙo a wani ofis ya yarda shi mutumin kirki ne. Kunya ta kama shi.

Da safe ya naɗe kwamfutar a bargo, ya sa kwalin a hammata. Ya dire kwalin a teburin Injiniya ya ce ya duba da kyau, ya zama shaida ya biya. Injiniya ya ce ai tun tuni ya gani.

"To, buɗe min motata. Akwai fasinja a ciki."

Injiniya ya sa masa wanda aka cire wa mai gadin. Wasan ya tashi da sauri fiye da yadda ya saba, babu tambaya babu jira, abin da ya sa Sannu-Sannu ya yi tsaki. Da la'asar da kansa ya sauke kwandon albasa ya ɗauko kujerar. Inna ta dube shi, ta dubi kujerar, ta goge hannu a zane ta biyo shi. Motar tana nan a kan tudun. Ya sa sigina, ya leƙa madubi, suka gangara da giya ta biyu tana ce masa ya dai bi a hankali. Hanya ta yi kwana, gidaje suka ja baya, sai ga ruwa shuɗi ya cika gilashin gaba. Ya faka ya kashe inji don ta ji ƙugin.

Ta matso da kujerarta ta daɗe tana kallo. Shi kuwa ita yake kallo, yana jiran abin da za ta ce kamar shi ya gina tekun.

"Yana da kyau," in ji ta. "Amma wanda kake ba ni labari ya fi wannan girma."

Ya buɗe baki zai kare ruwan, ya fasa. Ta gyara zama ta ce ya je ya sauke wa mutane kayansu, in ya gama kuma kada ya bi gajeriyar hanya, ta doguwar za su koma gida.