Baƙin Tabo a Bayan Ido

Shekarun baya can, lokacin ina fafutukar digirina na uku, na taɓa gano wani abu da na rantse babu likitan da ya riga ni ganinsa a duniya. Bari in ba ku labarin, tunda yanzu ina iya yin dariyarsa.

Ni likitar ƙwaƙwalwa ce a nan Sakkwato, kuma matasa nake dubawa. Waɗanda suka fi tsaya mini a rai su ne 'yan mata masu ciwon damuwa. Yarinya 'yar sha huɗu ta daina ci, ta daina magana, ta daina barci, a gida wannan ya ce aljanu ne, wancan ya ce taurin kai ne. Abin yana ƙona mini rai. Sai na ƙudura cewa zan nuna wa iyaye da hoto cewa ciwo ne kamar kowane ciwo. Tsarin binciken ba wuya: in ɗauki hoton ƙwaƙwalwar marasa lafiya da ke zuwa asibiti, in ɗauki na masu lafiya daga wata makarantar kwana da yardar iyayensu, in gwada.

Injin hoton nan ƙaton maganaɗisu ne, ƙarfe ko ƙanƙane yana ɓata masa hoto. Saboda haka abokin aikina mai sarrafa shi yana da jerin abubuwan da yake karanta wa kowace yarinya a bakin ƙofa don ta cire: 'yan kunne, zobe, fil ɗin hijabi, har laya idan akwai. Mutum ne mai tsananin kunya, kansa a sunkuye yake karantawa.

Shekara uku ina wannan aiki. Da na zauna na jera hotunan, sai ga wani baƙin tabo a ƙasan goshi, daidai bayan ido, a kusan duk marasa lafiyar. Na duba na 'yan makaranta, fes, babu ko ɗigo. Kuma wurin nan shi ne littattafai suka ce yana da hannu a farin ciki da baƙin cikin ɗan Adam. Jama'a, kaina ya kumbura! Har tafiyata sai da ta canza.

Malamina, farfesan da ke duba aikin, dattijo ne mai taka-tsantsan. Ya daɗe yana kallon hotunan, ya ce, "Kin tabbata ba injin ne ke yi mana wasa ba?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, da injin ne ai da ya yi wa masu lafiyar ma."

Ya gyaɗa kai. Aka sa ranar kare kundi, saura sati shida. Babi biyu na ƙarshe gaba ɗaya a kan tabon nan na ɗora su. Idan ya faɗi, shekara ukuna sun faɗi.

Wata Juma'a bayan la'asar na je gaishe da mahaifiyata a Ƙofar Atiku. Ba ta yi boko ba, amma matan unguwa a wurinta suke ɗaukar karatun Alƙur'ani, kuma bakinta ba ya ajiye magana. Don tsabar son a yabe ni na buɗe kwamfuta a kan tabarmarta, na ce, "Inna, zo ki ga abin da ɗiyarki ta gano."

Ta gyara tabarau, ta ƙura ido. Ta sa yatsa a kan wasu ƙwallaye biyu, ta ce, "Wanga idanu na?" Na ce su ne. Ta ce in nuna mata wata. Na nuna. Ta ce in ƙara. Can sai ta ja baya, ta ce, "Yo wagga ai tozali tas sha."

Tozali dai shi ne kwalli a bakin mutanen Kano. Na yi dariya har da riƙe ciki. Na ce, "Haba Inna, cikin kai fa ake ɗauka, ba fuska ba."

Ta ce, "Ni ina ruwana da injinku. Amma ke da kike likita, ba ki san ba a hita da ɗiya marar lahiya da hwarin ido ba? A ɗora ta bisa keke, a ratsa Gidan Igwai da ita, kowa shi ce ɗiyar wance ta zare? Uwa sai ta rambaɗa mata tozali, ta ɗaura mata kallabi mai kyau, kowa shi ɗauka biki za su. Ke ma haka niy yi miki da kika yi zazzaɓin ga mai tsanani."

Na rufe kwamfuta ina cewa Inna ke nan. Amma tun kafin in kai gida dariyar ta ƙare. 'Yan makarantar nan daga aji ake kawo mini su cikin kayan makaranta, kuma dokar makarantarsu ta hana tozali. Marasa lafiya kuwa daga hannun iyayensu mata suke zuwa. Na yi ta lalubo fuskokinsu a raina, kowacce idonta baƙi wuluk. Kullum ina kallonsu, amma ban taɓa gani ba, don ni ma da tozali na tashi, a wurina ba wani abu ba ne da ake lissafawa. 

Da sassafe na koma na ari tandun tozalin Inna, na kira abokin aikina. Na wanke fuska tas, na kwanta a injin. Hoto ya fito fes. Na fito na rambaɗa tozali kamar amarya, na koma. Da aka ciro ni, sai na tarar da shi yana kallon allo baki buɗe.

Ya ce, "Likita, Allah ya ba ki lafiya. Cikin minti ashirin kin kamu."

Ya fara dariya, ya ga fuskata, ya haɗiye ta. Ga tabona nan, sak irin na yaran. Ashe tozalin kasuwa akwai burbushin ƙarfe a cikinsa, shi ke jan hoton ya yi baƙi a kewayen ido. Na shiga ɗakin canza kaya na yi kuka, tozalin ya zubo mini har haɓa.

Zan faɗi gaskiya, Shaiɗan ya ziyarce ni ranar. Mu uku kaɗai muka sani, ni da abokin aikina da Inna. Masu jarrabawa daga nesa za su zo, wa zai kawo tozali a ransa? Abin da ya hana ni rufe maganar wata mata ce daga Kwalkwalawa. Na taɓa nuna mata hoton 'yarta, ta kama gefen mayafina ta ce, "Likita, tabon ga shina gogewa?" Na ce mata ba mu sani ba tukuna. Ta tafi tana share hawaye. Wato ni da na fito don in cire wa yaran nan sunan hauka, ni ce na liƙa musu tabon da babu shi.

Litinin na shiga ofishin malamina na ajiye masa hotuna biyu. Na ce, "Duka nawa ne, ranka ya daɗe. Wannan da tozali, wannan babu." Ya duba su ɗaya bayan ɗaya, ya cire tabarau. Sannan ya ce, "Alhamdulillahi da kika kawo shi da ƙafarki. Da wani ne ya gano bayan an buga, da har ki mutu da shi za a riƙa kiranki. Zauna mu sake lissafi."

Aka ɗaga kare kundin da shekara guda. Na bi gidajen yaran ɗaya bayan ɗaya ina ba da haƙuri, ina roƙon a dawo da su. Wannan karon da auduga da ruwan ɗumi nake tarbarsu, da hannuna nake goge ido. Ranar da hoton yarinyar Kwalkwalawa ya fito fes, uwarta ta rangaɗa guɗa a cikin asibiti har masu gadi suka leƙo. Na ce mata ciwon damuwar yana nan, a ci gaba da magani, amma ƙwaƙwalwa lafiya lau take.

Sakamakon gaskiya ya fito daga baya, ɗan bambanci ne ƙarami a wani wuri can ciki, ba mai sa a yi tafi ba. Amma ya tsaya da ƙafarsa, an juya shi ta ko'ina bai faɗi ba. Labarin tozalin kuma na rubuta shi a shafi uku kacal, kuma wallahi shafi ukun nan sun fi kundin duka yawo. Su suka sa aka fara gayyatata taro, su suka sa wuraren ɗaukar hoto da dama suka ƙara layi ɗaya, wato tozali, a jerin abubuwan da ake cirewa.

Ranar kare kundi, babban mai jarrabawa ya tambaye ni a wane littafi na samo wannan dabara. Na ce, "Ba littafi ba ne, ranka ya daɗe. Mahaifiyata ce, kuma kallo uku ta yi." Ɗakin ya ɗauki dariya da tafi. Da na kai mata labarin an ba ni digiri, cewa ta yi, "Madalla. To a maido mini tanduna."

Har yau idan na tuna satin nan, sai in ji kunya da alfahari sun taso mini tare, amma alfaharin ya fi yawa. Na koyi cewa abin da ya fi saurin ɓace wa mai bincike shi ne abin da ya tashi yana gani a gidansu. Yanzu ni ke duba aikin ɗalibai. Duk wanda ya shigo mini baki har kunne ya ce ya gano abin da duniya ba ta sani ba, nakan taya shi murna da zuciya ɗaya. Sannan in ce ya je ya nuna wa mahaifiyarsa tukuna, ya dawo ya faɗa mini abin da ta ce.