Sabulun da Aka Goga a Dutsen Niƙa

Shekarar da na fara aikin lafiya, an raba wa matan wani ƙauye a bayan Tsanyawa sabulu, aka roƙe su su riƙa wanke hannun yara kafin cin abinci, saboda gudawar damina. Ƙauyen mahaifina ne, don haka ni aka ɗora wa tsara yadda za a gane ko maganar ta shiga.

Na san mutanena. Tambaya ɓata lokaci ce, kara ba za ta bar kowa ta ce wa baƙuwa a'a ba. Sai na kawo dabarar da na yi ta taƙama da ita a ofis: bayan wata guda mu bi gida-gida mu duba sabulun. In ya ragu, an yi aiki da shi. Shugabarmu ta ce rahotona ne zai sa a ci gaba da shirin ko a kai shi wani gari.

Ladabi ne ya kayar da ni. Ba a shiga gari ba sanarwa, sai na aika wa mai unguwa, na kuma gaya wa Gwaggo, ƙanwar mahaifina, abin da za mu duba.

Ranar zagayen kowane sabulu ya koma rabi. Shugaba sai murmushi take. A gida na biyar, gidan Gwaggo, na lura duk gefe ɗaya sabulan suka cinye, ga dusar gero manne a jiki. Na ja Gwaggo ɗaka na tambaye ta.

"A dutsen niƙa muka goga, jiya da hantsi," ta ce, ko a jikinta. "Sabulu mai ƙamshi haka wa zai ɓata a hannun yara? Ajiyewa muka yi don barkar haihuwa. To, mu bari ki ji kunya gaban mutanen birni?"

Dariya ta zo mini, amma jikarta na kwance a tabarma duk ta rame, sai raina ya ɓaci. Gaskiya na rubuta a rahoton, na roƙi ƙarin sati biyu.

Na koma ba sanarwa. Kusa da randa na tarar da ɗan guntun sabulu, a jiƙe.

"Tunda kin sa mun lalata shi, wa za a kai wa?" in ji Gwaggo. "Sai muka bar wa yaran. Wannan ma ki rubuta."