Sanyar Baba Wanzami

Yau aka ajiye mini buhun saiwoyi a ɗakin gwaje-gwaje, nan ƙasar mutane da na tsufa a cikinta. Na daɗe ban kwance shi ba.

Ƙauyen Lambara ne ya faɗo mini a rai, zamanin farar hula na biyu, lokacin tsuke bakin aljihu. Wani tsohon wanzami ya nuna mini bishiyar sanya da yake wanke miki da saiwarta. Shi guda ɗaya yake yanka, ya mayar da ƙasa. Ni kuwa buhu nake bukata don in tace sinadarin da ke kashe ƙwayoyin cuta, kafin a rufe bincikena. Na kawo mahaƙa muka tone ta kaf.

Bayan damina na koma da murnata, da takardar sakamakon bincike a hannu. Bishiyar ta bushe.

Tsohon ya ce, "Malam, ka samu abin da kaka biɗa?"

"Na samu, Baba. Yana kashe ƙwayoyin."

"Awo, wannan mun sani tun kaka da kakanni. To mai miki in ya taho gobe, takardarka zan jiƙa mai?"

Na sha zagin gwamnatin lokacin, kuma ta cancanta. Amma wannan ramin ba ita ta haƙa ba.

Ku da ke gida, ana ganin sanya a wajen har yanzu?