Na-Iya da Babur ɗin Baba

Yayana bai taɓa cewa bai sani ba. Tun muna yara, duk abin da aka kawo gida, kafin a gama buɗe kwali ya ce, "Na iya." Haka sunan ya bi shi har ya yi furfura. Na-Iya ne ya kwance rediyon Baba ya mayar, aka tsinci rarar kusoshi a tabarma, rediyo kuwa ko tari bai sake yi ba. Ya yi tireda, ya yi kiwon kaji, ya yi gyaran waya, kowanne ya baro shi da dogon bayanin wanda ya ja masa. Matarsa, baiwar Allah, in ta hango shi da sukundireba sai ta rufe keken ɗinkinta ta zauna a kai. Ni dai ban taɓa ganin mutum mai baki irin nasa ba, kuma duk abin da hannunsa ya taɓa sai an yi wa mai shi jaje.

Da Baba ya rasu, ya bar tsohon babur shuɗi a hanyar shiga gida. Robobinsa sun koɗe. A murfin gefe na hagu akwai wani wuri mai faɗin tafin hannu da ya yi fari sumul, inda gwiwar Baba ke gogawa shekara da shekaru. Kowace safiya Baba kan goge babur ɗin da tsumma mai man inji, bayan rasuwarsa Inna ta gaji tsumman. Ba ta hawa, ba ta yarda a sayar ba. In za ta fita ko za ta shigo, sai ta ɗora hannu a kan farin wurin nan, ta wuce.

"Inna, babur ɗin nan yana ba mu kunya," in ji Na-Iya. "Ki bari in fesa masa ja, ya dawo sabo fil."

"Ka bar shi yadda mai shi ya bar shi."

Ya ce to, irin to ɗinsa. Ƙanwar Inna ta kwanta rashin lafiya, Inna ta tafi jinya, ko ƙurarta ba ta kwanta ba ya sayo gwangwanayen feshi.

Na shigo na tarar ya kwance robobin ya baje su kan jaridu a tsakar gida, waya jingine da bokiti, wani mutum a ciki yana koyar da fenti. Na-Iya yana ta tura bidiyon gaba da yatsa.

"Yaya, Inna fa ta hana. Kuma mutumin nan cewa ya yi a wanke da sabulu, a goga da sanfefa, a shimfiɗa fentin farko don na sama ya kama."

"Ke, wannan na 'yan koyo ne. Yaushe kika zama mai fenti?"

Wankin da ya yi musu shi ne ya ɗauko tsumman Baba, mai jiƙe da mai, ya goge ƙura har suna sheƙi, yana yaba kansa. Sannan ya kafa bakin gwangwani dab da roba ya danna, bai ɗaga yatsa ba sai da fenti ya fara zuba. Iska ta kwashi sauran ta yafa wa shanyar matarsa. Fenti ya hau kan mai ya ƙi zama, ya tattare, ya yi ramuka kamar idon kifi.

"Jabu suka sayar mini," ya ce, ya ƙara wani a kai tun na farko bai bushe ba.

Washegari Inna ta bugo ta ce tana hanya. Nan ido ya raina fata. Ya juye tina, ruwan nan mai narka fenti, a kwanon wanki, ya tsoma murfin hagu ciki, wai ya jiƙa ya saki. Ya saki kuwa, har da robar. Da ya ciro shi ya yi laushi ya karkace, ba shuɗi ba ja, kuma daidai inda gwiwar Baba ta bar alama, babban yatsan Na-Iya ya lotsa ya zauna daram. Haka ya ɗaura shi a babur, ya juya gefen wajen bango, don a ganinsa kowa irinsa ne, ba mai lura.

Inna ta shigo da jakarta. Ko kallon babur ɗin ba ta yi ba, ta zura hannu tsakanin babur da bango don ta taɓa farin wurin yadda ta saba. Ta tsaya. Ta janye hannun, ta dubi jan da ya manne mata a tafi. Ni kam da ƙasa za ta tsage ta haɗiye yayana a lokacin, da ban miƙa masa hannu ba.

"Inna, ba komai ba ne," ya ce yana murmushi. "Akwai sababbi a kasuwa, ni da kaina zan ɗaura, ai na..."

"Na san ka iya."

Ta sunkuya ta ɗauki tsumman daga ƙasa, ta kakkaɓe, ta ninke. Ta shiga ɗaki ta fito da makulli ta miƙa masa.

"Fitar da shi. Wannan ba na babanku ba ne."

Ya karɓa da hannu biyu, har da godiya. Yana nan yana hawa, yana gaya wa mutane Inna ce ta ba shi don ta ga aikinsa. Inna kuwa har yau in za ta wuce wurin, sai ta maida hannunta baya.