Yatsan Zabuwa

Babanmu maharbi ne. Tun kafin in shiga firamare na san warin albarushi, na kuma iya figar zabo ba tare da na yaga fatarsa ba. Shi ya sa duk abin da Baba ya zazzage daga burgaminsa, zabi ko fakara, gabana ake turo shi. A zaurenmu akwai ƙahon wata barewa da ya bi kwana biyu, daga bayan Gangara har ta kusa tsallakawa Nijar. Tun daga ranar ake kiransa Sarkin Dawa, ko da yake ba wanda ya naɗa shi.

Akwai wani direban babbar mota, mutumin Maraɗi, da ke tsayawa a bakin iyaka kowace Lahadi. Tsohuwarsa ba ta shan romon komai sai na zabon daji, kuma wurin Baba kaɗai yake saye. Ni nake ɗauko kwanon zabin in bi Baba a baya. Direban yakan lallatsa cinyar zabo har ya ji boris ɗin keke, wanda Baba ke ɗura wa bindigarsa a madadin harsashi. Sai ya yi dariya ya ce, "Ga hatimin Sarkin Dawa nan!" Ni kuma ya ce mini, "'Yar lakwal, yau ma azumin magana kike?" Lakwal ita ce makaranta a bakin mutanen Nijar. Sai in sunkuyar da kai.

Ina aji biyu na sakandare daji ya gagara shiga. 'Yan bindiga suka zauna a cikinsa. Abokan farautar Baba biyu suka tafi ba su dawo ba. Baba ya rataye bindiga kusa da ƙahon. Lahadi uku yana ce wa direban, "Sai wani mako." A ta huɗu direban ya ce tsohuwa ta kwanta ciwo, ba abin da take nema sai romo.

Ranar Asabar Baba ya tafi Magama ya dawo da zabi biyu na gida a cikin buhu. Ya kira ni bayan ɗaki, inda Inna ba za ta gani ba. Ya yanka, na fige. Harbi kam ba ya yiwuwa, domin yanzu ƙarar bindiga ɗaya sai unguwa ta watse da gudu. Sai ya ɗauko basilla ya huda cinyar kowace, ya tura boris da babban yatsansa. Ni na riƙe masa ƙafafun. Bai dube ni ba, ni ma ban dube shi ba.

A lokacin na gani. Ɗaya zabuwar, yatsanta na tsakiya a ƙafar hagu guntu ne, an datse shi tun tana tsako, wurin ya warke sumul. Haka matan ƙauye ke yi wa kiwonsu shaida don kada ya ɓace cikin na maƙwabta. Baba ya san sawun kowace dabba a kan yashi, amma bai taɓa kiwon ko kaza ba. Wannan sanin mata ne. Na buɗe baki zan faɗa masa. In na yi magana, na nuna masa ke nan na fahimci abin da muke yi. Na rufe bakina.

Da hantsin Lahadi muka tarar da direban a inuwar motarsa, 'yan dako sun kewaye shi ana shan shayi.

"Sarkin Dawa! Ka shiga dajin ke nan?" in ji direban.

"Na ɗan taɓa gefe-gefe," in ji Baba.

"Kai, namiji! Ku ba shi wuri, ku da ko ɓera ba ku iya kamawa."

Ya latsa cinya, ya ji boris, ya yi dariyarsa. Sai ya ɗaga zabuwar ta ƙafafu don ya ji nauyinta. Na ga idonsa ya tsaya. Ya murza guntun yatsan a hankali.

Wani ɗan dako mai shegen baki ya leƙo. "A'a! Sarkin Dawa, ashe zabin daji ma suna da uwar ɗaki? Wa ke masu shaida a can, matan aljanu?"

Aka fashe da dariya. Direban bai yi ba. Ya mayar da zabuwar cikin kwanon, ya rufe da faifai da kansa.

"Haba, Malam," ya ce. "Da ka ce mini na gida ne, wallahi da na ɗauka. Tsohuwa ta san halin da ake ciki. Mu ma can haka ne."

Malam. Shekara da shekaru ban taɓa jin ya kira shi haka ba.

Muka juyo gida, kwanon a kaina, ya fi ɗazu nauyi. Baba na gaba, ina biye. A ƙofar zaure ya tsaya, ya tambaye ni ba tare da ya waiwayo ba, "Kin gani jiya?"

Na ce, "Na gani, Baba."

Ya gyaɗa kai ya shige. Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Inna ta dafa zabin da yamma, ba ta tambayi komai ba. Ƙannena suka yi ta murna. Boris ɗin ya faɗo a rabona, na ji shi a haƙori. Yana nan cikin gwangwanin kayan lissafina har yau.

Yanzu Baba yana zama a bakin iyaka da akurki, yana sayar da zabin gida da ransu. Direban yakan saya, su gaisa da mutunci. 'Yan dako kuwa Mai Zabi suke ce masa, kuma yana amsawa. Ƙahon barewar ya sauke shi da hannunsa, ban san inda ya kai shi ba. Ƙusar da ke riƙe da shi dai tana nan a bango.