Noeline Trethewey da Rami na Tara

Shekara talatin da ɗaya Noeline Trethewey ta yi tana wanki da guga a asibitin garinmu, Wirrabeen. Aikin ya cinye mata kafaɗu, har ta kai ba ta iya ɗaga hannu sama da kai. Duk da haka kowace Talata da Asabar za ka gan ta a filin golf na ƙaramar hukuma, tana jan tsohon kekenta na hannu mai ɗauke da sandunan golf biyar, ga gorar shayi ɗaure a gefe. Bugunta ba ya nisa. Mu mazan mukan tsaya jiran ta muna hira, ba mai ɗaukar ta a bakin komai.

Tsohon filin shimfiɗe yake kamar tabarma. Ko ido a rufe ka buga, ƙwallo za ta gangara kusa da tutar da ke nuna rami. Sai ƙaramar hukuma ta ɗauko wani mai zanen filayen golf daga Melbourne don ya sake tsara shi, aka rufe filin wata goma. Ran da aka buɗe, muka tsaya baki sake. An sare itatuwan da ke tare mana iskar teku, an tayar da tuddai, an haƙa kwaruruwan yashi. Mafi muni shi ne rami na tara. An ɗora shi a kan tudu mai kama da bayan kunkuru, a gabansa kuma ga kwarin da ya fi tsayin mutum zurfi.

Des Kouris mahauci, wanda ya fi kowa ƙarfin bugu a cikinmu, shi ya fara faɗawa kwarin. Bugu goma sha ɗaya ya yi a cikin yashin nan. Ba ma ganin komai sai ƙura da saman hularsa. Da ya fito yana haki ya ce da ni, "Col, wanda ya zana wannan abu, ka tabbata mutum ne? Ni nama nake sayarwa, ba gasar duniya na zo ba!"

Cikin mako biyu Des ya rubuta takardar koke, mutum tamanin suka sa hannu, har da ni. Wasu ma suka koma filin garin da ke maƙwabtaka da mu. Da aka miƙa wa Noeline biro, ta mayar.

"Haba Noeline," in ji Des, "ke da ƙwallonki ba ta wuce inuwarki, ke ce za ki ƙi?"

"Ban gama sanin filin ba tukuna, ɗan nan," ta ce. "Yaya zan kai ƙarar wanda ban sani ba?"

Hunturu ya shigo, wanda a ƙasarmu a watan Yuni yake kamawa, da ruwan sama yake zuwa. A lokacin ina rabon wasiƙu, hanyata ta bi ta gefen filin. Wata safiya cikin watan Yuni, ana tsuga ruwa, na hango mutum ɗaya tal a kan tudun rami na tara, cikin rigar leda ruwan ɗorawa. Na tsayar da babur na leƙa. Noeline ce, ba sanda a hannunta, ta sunkuya tana kallon ƙasa.

"Lafiya? Wani abu ya faɗi ne?"

"Ruwa nake kallo," ta ce. "Dubi nan. Ya sauko ta hagu, ya kewaya bayan tudu, sannan ya taru gindin tuta. Inda ruwa ya bi, nan ƙwallo za ta bi."

Na yi murmushi na wuce, ina cewa a raina tsufa ya fara taɓa ta. Amma duk ranar da aka yi ruwa a watanni ukun hunturun nan, sai na gan ta a wani ramin daban.

A watan Satumba aka yi gasar kulob ɗinmu na golf, ƙuri'a ta haɗa ni da ita da Des. A rami na tara iska na kaɗawa daga teku har tuta na lanƙwasa. Des ya maka ƙwallonsa sama, iska ta kama ta, ta dire a kan tudu, ta gangaro cikin yashi. Tawa ma ta bi ta. Noeline ta zo ta tsaya, ta juya wa tuta kafaɗa, ta fuskanci hagu inda babu komai sai ciyawa.

"Tuta tana can, baiwar Allah!" Des ya yi ihu daga cikin kwari.

Ta yi ɗan bugunta na kullum, ƙasa-ƙasa. Ƙwallon ta yi tsalle biyu, ta hau gefen tudu a hankali, ta tsaya cak kamar mai tunani. Sai ta karkata. Ta kewaya bayan kwarin, ta ɓace mana, ta sake ɓullowa ta sama tana silalowa, har ta kwanta taku ɗaya daga ramin. Shekara ashirin ina wasa, ban taɓa ganin ƙwallo ta yi tafiya irin wannan ba. Mutanen da ke barandar kulob suka ajiye kofunansu suka miƙe tsaye.

Haka ta yi ta yi har rami na sha takwas, ko sau ɗaya ba ta taka yashi ba. Ba ita ta ɗauki kofin ba, ta uku ta zo, tana da shekara saba'in da huɗu. Amma duk mazan da suka sa hannu a takardar nan a bayanta suka ƙare.

Ƙaramar hukuma ta amsa kokenmu daga baya, ta cike kwari ɗaya a rami na huɗu, ta bar sauran. Waɗanda suka gudu suka riƙa dawowa ɗaya-ɗaya, saboda labarin ya kai musu. Yanzu idan Noeline za ta buga, sai ka ga manyan ƙarti sun yi layi a bayanta suna leƙen inda ta sa ƙafa.

Talatar da ta wuce Des ya kawo mata tsiran rago a takarda, ya roƙe ta ta nuna masa rami na sha uku. Ta kai shi, ta nuna masa wani ɗan kwari da ba mai lura da shi, ta ce ya buga da rabin ƙarfinsa.

"Rabi?" in ji Des. "Mutane na kallo fa."

"To rufe ido," ta ce. "Buga mu tafi, shayina na hucewa."