Kaset ɗin Kawu da matattun batura

Jiya batirin motar wasan jikana ya fara mutuwa, waƙar da ke cikinta ta koma ja da nauyi kamar mai magana cikin barci. Yaron ya yi wurgi da ita. Ni kuwa na tsaya cak da ludayi a hannu, don wannan jan sautin ya mai da ni Filinge, gindin gawon da ke ƙofar gidan Kawu.

Kawu ƙanen mahaifiyarmu ne, katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasa. Ya taɓa aiki da masu haƙar rijiyar burtsatse wajen Abala, da aikin ya ƙare wani Bature a cikinsu ya bar masa kaset guda, ba suna ba hoto. In rani ya yi, an gama kai gero rumbu, bayan la'asar sai ya fito da rediyonsa mai kaset, ya shimfiɗa buzu, ya danna.

Ban san yadda zan gaya muku abin da ke fitowa ba. Babu ganga, babu goge, babu mai waƙa. Wani gurnani ne ke farawa daga can ƙasa, kana jin sa a ƙirji kafin kunne, kamar ka leƙa rijiya mai zurfi iska na juyawa ciki. Sai wasu ɗigo-ɗigo su fara saukowa ɗaya bayan ɗaya, su taru, su watse. Tsigar jikina takan tashi. Nakan kalli duwatsun da ke bayan gari in ga kamar sun matso. Kaka kan wuce da ƙwarya tana tsaki, wai kiɗan da ba makaɗi ai sai wanda aiki ya yi wa kaɗan. Amma na sha kama ta ta daina tankaɗe tana saurare.

Kawu bai taɓa sayen batir ba, hannunsa bai san hanyar aljihu ba. Waɗanda Baba ya gama jin labarai da su yake tsinta, ya jera bisa katanga su sha rana, ya ɗan ƙwanƙwasa su da dutse.

Shekaru suka ja. Na yi lakwal, wato makarantar boko, na yi aure a Yamai, rediyon ya mutu, idanun Kawu suka rufe. Da na je gaishe shi yana kwance, sai ya laluba ƙarƙashin matashi ya miƙo mini kaset ɗin.

"Ɗiyata, ina son in ƙara jin abin ga sau guda, tun ban tahi ba."

Na kai kaset ɗin Yamai wurin mai tura waƙoƙi, ya juye mini a waya. Na koma da murna, abin nema ya samu. Na kunna, na ɗora wayar kusa da kunnensa. Wani abu ya fito mai sauri, tsaf-tsaf, har da ɗan tsalle. Kawu ya saurara kaɗan, ya kau da kai.

"Ba shi ba na. An musanya miki."

Raina ya ɓaci, don ni ma na ji ba shi ba ne. Na kwana biyu ina tsine wa mai tura waƙoƙi, bawan Allah bai ci ba bai sha ba. A rana ta uku ina shanya a tsakar gida idona ya kai kan katangar nan, sai na tuna baturan. Ashe mu tun farko ba mu taɓa jin kiɗan da ƙarfinsa ba. Abin da ya yi shekaru yana girgiza mu, gajiyar batir ce ke jan sa.

Na aro tsohon rediyo mai kaset wurin mai gyara a kasuwa. Ya ce in sayi sababbin batura, na ce matattu nake so, ya dube ni kamar na zautu. Na shanya su, na ƙwanƙwasa, bayan la'asar muka fito da Kawu gindin gawo. Na danna. Gurnanin nan ya taso daga ƙasa a hankali.

Kawu ya damƙe hannuna. Hawaye na bin gemunsa, bai share ba har gefen kaset ya ƙare.

"Shi na," ya ce. "Juya shi."

Kawu bai kai damina ba, Allah ya yi masa rasuwa. Har yau ban san wanda ya yi kiɗan ba, ko wace ƙasa yake, ko yana raye. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, shi kansa bai taɓa jin abin da muka ji ba. Yanzu waya ba ta san gajiya ba, ko ta yi da ƙarfi ko ta ɗauke gaba ɗaya. Jiya da jikana ya fita, na ɗauko motar, na ciro baturan na jera su a taga. Uwarsa ta zo za ta share, na ce kada ta kuskura ta taɓa.